Dillalin Albasa Ya Riga Google: Bai Kamata a Mallaka wa Kowa Dabarar Bibiyar Talla Ba

Matashin da ke noman rani a Maiyama ya ɗauki wayarsa da daddare, ya shiga Google ya duba farashin injin ban-ruwa mai amfani da hasken rana. Bai saya ba, ya duba kawai ya kwanta. Washegari ya buɗe Facebook, sai ga tallar injin. Ya koma YouTube zai kalli ƙwallayen da aka ci a wasan jiya, kafin bidiyon ya fara sai ga wata tallar injin. Hatta manhajar wasan da ya sauke kyauta, tallar na nan tana jiransa a ƙasan allo. Duk mai riƙe da babbar waya ya san wannan, shi ya sa a majalisun samari da shagunan cajin waya ake yawan cewa wayoyin yanzu suna sauraren mutane.

A mafi yawan lokuta ba sai an saurari kowa ba. Akwai dabarun da kamfanoni suka tsara don bin sawun mai waya daga shafi zuwa shafi, da tara bayanansa, da auna irin tallar da za ta shiga ransa. Waɗannan dabaru su ne jarin manyan kamfanonin intanet. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kusan dala biliyan 135, kuma kimanin kashi 98 cikin 100 na kuɗin daga talla suka fito.

Tunda akwai kuɗi haka a cikin harkar, wata tambaya ta taso wadda kotunan duniya suka shafe sama da shekara ashirin suna fama da ita: shin wani kamfani zai iya cewa shi ya ƙirƙiro dabarar bibiyar talla, hukuma ta ba shi takarda, ya hana kowa amfani da ita sai ya biya shi? Amsar da ta dace da Najeriya ita ce a'a. Kuma batun ya shafi ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Aliero da mai shagon atamfa a Jega fiye da yadda suke zato.

Yadda talla take gane mutum

Tushen abin ya faro ne a 1994, lokacin da wani injiniya a kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya samar da abin da ake kira kukis. Ɗan ƙaramin rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a na'urar mutum don ya gane shi idan ya dawo. An yi shi ne domin shafi ya tuna kayan da mai saye ya zaɓa, amma ba a jima ba kamfanonin talla suka gane cewa za su iya bin mutum da shi a shafuka daban-daban.

A waya kuma akwai wata lamba ta musamman da ake kira lambar talla. Wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika hannun matasa a Kebbi, suna ɗauke da ita. Manhajoji da yawa na kyauta suna karanta wannan lamba, su haɗa ta da abin da mutum ya latsa, da yankin da yake, da irin wayarsa, da lokacin da ya fi hawa intanet. Shafukan kasuwanci kuma suna dasa wani ɗan rubutu, kamar Meta Pixel, wanda ke sanar da kamfanin cewa wane ya duba kaza, ya saya ko bai saya ba.

Da zarar mutum ya buɗe shafi, sai a yi gwanjo tsakanin kwamfutocin masu talla cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wanda ya yi tayin da ya fi, tallarsa ce za ta fito. Bayan haka a auna: an gani? An latsa? An yi ciniki? Kowane mataki daga cikin waɗannan, an taɓa samun kamfanin da ya nemi a mallaka masa shi.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira?

Ita ce ake kira patent a Turance. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana wa duniya sirrin abin da ya ƙirƙiro dalla-dalla, ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ko amfani da shi ba da izininsa ba har tsawon shekara 20. Idan wa'adin ya cika, ilimin ya zama na kowa.

Mutanen yankin Jega da Maiyama sun san kishiyar wannan tsari. Aliero ta yi suna wajen ɗori, ana kai masu karaya can daga nesa, kuma ilimin gado ne da ake riƙewa a cikin gidaje. Wannan hanya ce ta kare sana'a ta wajen ɓoye sirrinta. Takardar mallaka an yi ta ne don a lallashi mai ilimi ya fito da shi fili, a saka masa da kasuwa ta ɗan lokaci. Idan wani ya ƙera sabon injin busar da albasa da zai rage ruɓewa, jama'a sun ƙaru da abin da ba su da shi a da, don haka shekara 20 ba ta yi tsada ba.

Matsalar tana farawa ne idan abin da aka kawo ba sabon ilimi ba ne, tsohuwar dabarar kasuwa ce aka ɗora a kan kwamfuta. A nan jama'a sun bayar da shekara 20 amma ba su karɓi komai ba.

Darasin Amurka

A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar State Street Bank cewa ana iya mallakar dabarun kasuwanci. Daga nan ƙofa ta buɗe. A Satumban 1999 Amazon ta samu takarda a kan sayen kaya da latsawa sau ɗaya, ta kuma kai Barnes & Noble kotu a kan haka. A cikin watan ne kamfanin DoubleClick ya samu tasa a kan aika talla, da zaɓar wanda za a nuna wa, da auna tasirinta ta intanet. Bai ɓata lokaci ba ya maka abokan hamayyarsa irin su L90 a kotu, sai a 2000 aka yi sulhu. Wannan DoubleClick ne Google ya sanar da sayensa a 2007 a kan dala biliyan 3.1.

Shi kansa Google ya ɗanɗana. Kamfanin GoTo.com, wanda ya koma Overture, ya samu takarda a 2001 a kan tsarin da masu talla ke yin tayi don su fito a saman sakamakon bincike, su biya idan an latsa. A 2002 Overture ya kai Google ƙara. Yahoo ta saye Overture a 2003, kuma a Agustan 2004, dab da Google zai fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a, ya ba Yahoo hannun jari miliyan 2.7 don a kashe wannan shari'a da wata taƙaddama da ke tsakaninsu. Google na da abin biya, ya biya ya wuce. Ƙananan kamfanoni ba su da wannan gata. A 2011 wani kamfani mai suna Lodsys ya riƙa aika wasiƙun barazana ga ƙananan masu rubuta manhajojin waya, yana neman kaso daga cinikinsu saboda sun sa hanyar saye a cikin manhaja. Mutum ɗaya da kwamfutarsa ba zai iya shari'ar da za ta ci miliyoyi ba, don haka biya ya fi masa sauƙi ko da yana da gaskiya.

Sai a ranar 19 ga Yunin 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta taka birki a shari'ar Alice da CLS Bank. Dukkan alƙalan tara sun amince cewa zallar tunani ba ya zama ƙirƙira don kawai an ce kwamfuta ce za ta aiwatar da shi. Bayan wata biyar aka soke takardar kamfanin Ultramercial, wanda ya yi iƙirarin shi ya mallaki tsarin nuna wa mutum talla kafin a bar shi ya kalli bidiyo kyauta. A 2015, a shari'ar Intellectual Ventures da Capital One, kotu ta tunatar da cewa tun kafin intanet jaridu suna saka takardun talla daban-daban gwargwadon unguwar da za a kai su. A 2021 aka sake yin watsi da iƙirarin kamfanin Free Stream Media, na aika talla zuwa wayar mutum bisa abin da yake kallo a talabijin.

Wato Amurka ta ɗauki shekara 16 kafin ta fara gyara abin da ta buɗe a 1998, bayan an kashe maƙudan kuɗi a hannun lauyoyi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da dillali ya daɗe da sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Aliero lokacin kaka ya ga bibiyar talla da idonsa, ko da ba a kira ta da wannan suna ba. Dillali ya san fataken da suke zuwa daga Kudu ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda ke son manyan ƙwayoyi da wanda ke neman mai araha, ya san wanda ya taya jiya bai saya ba, ya san lokacin da kuɗi ke hannun kowa. Idan kaya suka sauka, ya san wanda zai fara kira. Idan masu saye sun yi yawa, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Kuma ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa.

A jera waɗannan kusa da abin da kamfanonin talla ke nema a mallaka musu. Tuna abin da mai saye ya duba a baya, shi ne aikin kukis. Sake tuntuɓar wanda ya taya bai saya ba, ita ce tallar injin da ke bin matashin Maiyama. Ba wanda ya fi tayi, shi ne gwanjon da kwamfutoci ke yi. Biyan la'ada bayan ciniki, shi ne biya idan an latsa ko an saya. Bambancin da ke akwai shi ne sauri da yawa: dillali yana riƙe da mutum ɗari a ka, kwamfuta tana riƙe da biliyoyi. Saurin kuwa na kwamfutar ne, kuma waɗanda suka ƙera ta sun riga sun ci ladarsu.

Da wani zai je Abuja ya karɓo takarda a kan "tuna abin da mai saye yake so a kira shi idan kaya sun zo", sannan ya dawo Aliero ya ce kowane dillali ya riƙa biyansa, da an yi masa dariya an kore shi daga kasuwa. Ƙara kalmar "ta intanet" a ƙarshen jimlar bai kamata ya sauya hukuncin ba.

Ramin da ke cikin dokar Najeriya

Dokar da ke kula da wannan fanni a Najeriya an yi ta ne a 1970, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, shekara 21 kafin a ƙirƙiri jihar Kebbi. Ta shimfiɗa sharuɗɗa uku: abu ya kasance sabo, ya kasance an yi amfani da basira wajen samar da shi, kuma a iya amfani da shi a masana'antu, har da noma. Ta ce ƙa'idoji da binciken kimiyya zalla ba ƙirƙira ba ne, ta kuma hana mallakar abin da ya saɓa wa zaman lafiyar jama'a ko tarbiyya. Amma ba ta ce komai ba game da manhajar kwamfuta ko dabarun kasuwanci, domin a lokacin babu wanda ya hango su.

Akwai abu ɗaya mai kyau a cikinta. Wajen auna ko abu sabo ne, dokar ta ce a duba duk abin da jama'a suka riga suka sani a ko'ina kuma a kowane lokaci, ko a rubuce, ko a baki, ko ta hanyar aikatawa. Ke nan abin da dillalai suka gada daga kakanni hujja ce da za a iya kafawa a gaban alƙali.

Sai dai kafin a kai ga alƙali akwai babban rami. Ofishin rajistar da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya ba ya binciken ko abin da aka kawo sabo ne da gaske. Dokar ta umarce shi ya duba cikar takardu da biyan kuɗi kawai, ta kuma faɗa ƙarara cewa ana bayar da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Wanda yake ganin an bayar da ita bisa kuskure, shi zai je Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta, da kuɗinsa da lokacinsa.

Gaskiya ne cewa takardar da aka bayar a Amurka ba ta aiki a Najeriya, kowace ƙasa da tata. Amma tun 2005 Najeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke sauƙaƙa wa mai nema ya shigar da buƙata ɗaya ya bi ta zuwa ƙasashe da yawa. Saboda haka iƙirarin da ofishin Turai zai yi watsi da shi bayan dogon bincike zai iya samun hatimi a Abuja ba tare da an yi masa tambaya ko ɗaya a kan sabuntarsa ba.

A ɗauki misalin ɗalibai uku a jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006. Sun rubuta manhajar da ke haɗa manoman albasa da masu saye, suna nuna tallar taki da iri ga manomi gwargwadon abin da yake nomawa, suna karɓar kuɗi daga mai talla idan an yi ciniki. Manhajar ta fara karɓuwa a Jega da Maiyama da Koko. Rana tsaka sai ga wasiƙar lauya daga Legas, cewa wani kamfani yana da takarda a kan "hanyar nuna talla bisa bayanan mai amfani". Mai yiwuwa takardar ba za ta tsaya a kotu ba. Amma ɗaliban ba su da kuɗin da za su tabbatar da haka, kuma duk mai niyyar zuba musu jari zai janye da ya ji akwai shari'a. Takarda maras inganci ta isa ta kashe kamfani tun kafin alƙali ya buɗe fayil.

Maƙwabta sun riga sun rufe wannan ƙofa a rubuce. Nijar da Benin, waɗanda duka suke iyaka da Kebbi, suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, kuma yarjejeniyar Bangi da ta kafa ta ta cire dabarun gudanar da kasuwanci daga abubuwan da ake mallaka. Yarjejeniyar Turai ta 1973 ita ma ta cire dabarun kasuwanci da manhajar kwamfuta idan su kaɗai ne, shi ya sa Amazon ba ta samu takardar latsawa sau ɗaya a can ba. Dokar Indiya ma tana da irin wannan sashe.

Hujjar masu goyon baya

Masu son a bar ƙofar a buɗe suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko suna cewa ƙaramin mai ƙirƙira shi ya fi kowa buƙatar kariya, domin idan ba shi da takarda babban kamfani zai kwaikwayi dabararsa cikin mako guda. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a aikace, wa ke da kuɗin tara takardu ɗaruruwa da lauyoyin da za su kare su? Tarihin DoubleClick da Overture da Lodsys ya nuna cewa makamin ya fi zama a hannun mai ƙarfi ko mai neman na banza. Kuma matashin Najeriya ba a bar shi tsirara ba: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutun manhaja kamar yadda take kare littafi, ba tare da sai an yi rajista ba. Wanda ya kwafe masa rubutun manhaja ya karya doka. Abin da ba zai iya hanawa ba shi ne wani ya zauna ya rubuta tasa don yin aiki iri ɗaya, kuma wannan 'yancin ne ya ba shi kansa damar farawa.

Na biyu suna cewa takardun mallaka suna tona asirin kamfanoni, tunda dole a wallafa su. Wannan ma haka ne. Ta wannan hanya aka san cewa a 2018 an wallafa wata buƙatar Facebook da ta bayyana yadda za a sa makirufon waya ya ɗauki sautin ɗaki don a gane ko mutum ya kalli wata talla a talabijin, ko da yake kamfanin ya ce bai yi amfani da ita ba kuma ba zai yi ba. A shekarar ce Amazon ta samu takarda a kan na'urar da za ta gane daga murya cewa mutum yana tari ko mura, ta tallata masa magani. Sanin waɗannan yana da amfani. Amma ba daidai ba ne a ce hanyar da jama'a za su san abin da ake yi da bayanansu ita ce a saka wa mai yi da shekara 20 na cin kasuwa shi kaɗai. Doka za ta iya tilasta bayani kai tsaye.

Na uku, akwai ƙirƙira ta haƙiƙa a wannan fanni, kuma bai kamata a haɗa ta da sauran ba. Wanda ya samo sabuwar hanyar da talla za ta buɗe ba tare da ta cinye data ba a inda sabis ke da rauni, ko sabuwar hanyar ɓoye bayanai ta yadda za a ƙirga masu kallo ba tare da an san ko su wane ne ba, ya warware matsalar fasaha, ya cancanci takarda. Ma'aunin da Turai ke amfani da shi ke nan: me aka gyara a aikin na'urar kanta? Idan amsar ita ce ba komai, an dai samo hanyar sayar da kaya ne, to ba ƙirƙira ba ce.

Kura da shan bugu

Akwai wani ɓangare da ake mantawa da shi. Injin niƙa ba ya aiki sai da hatsi, dabarar bibiyar talla kuma ba ta aiki sai da bayanan mutane: inda suka je, abin da suka nema, wanda suka yi hira da shi, ciwon da suka bincika a asirce. Matashin Maiyama shi ya sayi wayar, shi ya sayi data, shi ya biya kuɗin caji, bayanansa ne ake sarrafawa, amma rigimar da ake yi a kotu ita ce wane kamfani ne zai mallaki hanyar tatsarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Najeriya ta fara motsi a nan. A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba kowa 'yancin janye amincewarsa da ƙin yarda a yi amfani da bayanansa don tallata masa kaya. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake mu'amala da bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. A farkon 2025 NDPC ita ma ta ɗora masa tarar dala miliyan 32.8, wadda ta shafi tallar da ake yi bisa bibiyar ɗabi'un mutane.

Ba zai yi ma'ana ba a ce wani ofishi na gwamnati yana cin tara a kan bibiya, wani ofishin kuma a gwamnati ɗaya yana buga hatimin mallaka a kan sabbin hanyoyin yin ta ba tare da ya karanta ba. Hana takardar mallaka shi kaɗai ba zai tsayar da bibiya ba, wannan aikin dokar kare bayanai ne. Amma aƙalla hukuma ba za ta zama mai ba da tukuici a kanta ba.

Abin da ya kamata a yi

An sha kai ƙudurorin sabunta dokokin mallakar fasaha gaban Majalisar Tarayya ba tare da an maye gurbin dokar 1970 ba. Duk ranar da aka zauna gyara ta, abubuwa uku ne bai kamata a bari a baya ba. A rubuta ƙarara cewa dabarun kasuwanci da na talla, da tattara bayanai da nazarinsu kawai, ba ƙirƙira ba ne ko da kwamfuta ce ke yi. A ba ofishin rajista ƙwararrun da za su binciki sabuntar abu kafin a buga hatimi. Sannan a samar da hanya mai araha ta ƙalubalantar takarda a ofishin kansa, yadda ɗalibi daga Aliero zai iya aika hujjarsa ba sai ya ɗauki babban lauya ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar Jega da Aliero da Maiyama suna da ƙuri'a a kan wannan kamar na Legas, kuma matasan da suka zaɓe su suna da ikon tambayarsu.

Jami'o'i da hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu bincike samun takardun mallaka, su karkatar da ƙarfinsu ga abin da yankin ke buƙata da gaske: ajiyar albasa, ban-ruwa, sarrafa shinkafa, wutar hasken rana. Masu rubuta manhaja kuma su riƙa ajiye shaidar ranar da suka fara aiki da ranar da suka fitar da shi, domin ita ce garkuwarsu idan wani ya zo daga baya yana iƙirarin shi ya fara.

Shi kuwa mai waya ba sai ya jira majalisa ba. A saitin Android, ƙarƙashin sashen Google ko na sirri, akwai wurin talla inda ake goge lambar talla gaba ɗaya. A iPhone, tun Afrilun 2021 dole manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawun mutum zuwa wasu manhajojin, kuma da mutane suka fara cewa a'a, Meta da kansa ya ƙiyasta cewa hakan zai rage masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Wannan adadi ya nuna darajar abin da ake karɓa kyauta daga hannun mutane. Minti biyu sun isa a duba izinin da aka ba kowace manhaja, a ƙwace na wuri da na makirufo daga wadda ba ta da buƙatarsu. Manhajar tocila ba ta da abin yi da sanin ko mai ita yana Maiyama ko ya tafi kasuwar Jega.